Fom Ɗin Baftismar 'Yata

Salama gare ku jama'ar wannan zaure. Admin, a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman 'yan uwa Katolika, amma ko wanda ba addininmu ɗaya ba zan saurare shi, domin maganar ta zumunci ce.

Ni malamar sakandare ce a Daura, mijina ma'aikacin lafiya ne a wajen Mai'adua. Allah ya ba mu 'ya mace wata uku da suka wuce, kuma ran Asabar ta sama za a yi mata baftisma. Mun gama darasin iyaye, saura mu mayar da fom, inda ake rubuta sunan wanda zai tsaya wa yarinya, wato uwa ko uban baftisma.

A gidan su mijina, tun rasuwar mahaifiyarsu, babbar yayarsu da ke Kano ce ke tsaya wa kowane jariri. A hannunta farar rigar da marigayiya ta ɗinka take, wadda a cikinta aka yi wa mijina da dukan jikokin gidan baftisma. Ba zan ɗauki alhakinta ba, Yaya mutuniyar kirki ce, lokacin da na haihu sati biyu ta yi tana dafa min ruwan wanka. Sai dai shekara uku ke nan da ta bar Katolika ta koma wani coci, har aka sake yi mata baftisma a can. Ban ga laifinta ba, zaɓinta ne. Amma a darasi katikis, wato malamin da ke koyar da mu a coci, ya faɗa mana ƙarara cewa mai tsayawa sai Katolika mai zuwa Misa, wato sujadarmu, yana karɓar Jibi, wato gurasa mai tsarki, domin alkawari zai ɗauka gaban bagadi cewa zai taimaka a rene yaron cikin wannan bangaskiya. Kirista na wani coci kuwa, zai iya tsayawa a matsayin shaida kawai.

Mijina, ba tare da ya gaya min ba, ya cike fom da sunan Yaya, ya sa alama a gurbin "tana karɓar Jibi", ya kai wa katikis. Katikis ɗinmu sabo ne, bai san ta ba, ba wanda zai bincika. Da na ji, na kwana biyu ina juya abin, ko ni ce na cika tsanani. Rana ta uku na tashi daga makaranta na hau babur na je na karɓo fom ɗin, na ce akwai gyara.

Na kira Yaya cikin ladabi, na ce wani dattijo a ƙungiyar mawaƙan cocinmu zai zama uban baftisma, ita kuma ta tsaya kusa da shi a matsayin shaida, ita za ta sa wa yarinya riga. Ta ce ita ba 'yar kallo ba ce, ta tsaya wa yara shida kafin a san da ni a gidan, kuma digirina ne ke ruɗa ni. Ta ce in ba sunanta a fom, ba riga, ba ita. Mijina ya ce takarda ce kawai, Allah zuciya yake dubawa, kuma ina so in raba shi da wadda ta rene shi. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Wataƙila na yi kuskure da na karɓo fom ban fara yi masa magana ba, wannan na yarda. Wataƙila ma akwai abin da ban fahimta ba a dokar. Amma da kunnena na ji Yaya, tana tsane jaririyar nan da tawul, tana cewa baftismar jarirai yayyafi ne kawai, sai yarinya ta girma a yi mata ta gaske. To da wane baki za ta amsa wa Fada, limamin cocinmu? Ni kuma in tsaya ina riƙe da kyandir, na san ƙarya muka shigo da ita? Ni mai tsoron rigima ce, kowa ya sani, amma wannan ba zan yi ba. Jiya na sayi farin yadi a kasuwa na kai wa maƙwabciyata Maman Ummi ta ɗinka wa yarinya sabuwar riga, ta ce kafin Juma'a za ta gama, har da leshi a wuya.

Abin da nake tambaya shi ne, in shiga mota in je Kano in durƙusa wa Yaya, alhali na san ba zan canza ko harafi ɗaya ba, ko hakan zai zama raini? In kai maganar gaban Fada, ko tona asirin mijina ke nan? Fom ɗin yana cikin jakata, kuma sai da sa hannunsa za a karɓa. Ta yaya zan sa ya sa hannu?