Taken 'Yar Arɗo

Ƙofar Guga, Katsina
Laraba, 9 ga watan Rajab

Zuwa ga Yayata Ummusalma,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk 'yan'uwanmu da ke nan Jidda. Allah ya ƙara wa Malam sauƙin ƙafar nan da ta hana ku zuwa biki, ya sa kaffara ce. Mu nan lafiya lau muke, sai gajiyar da ba ta gama sakinmu ba. Maigidan yana gaishe ku, Khalifa ya koma makaranta, amarya kuma ta tare a ɗakinta a GRA, ita da angonta Muhyiddeen, Allah ya ba su zaman lafiya. Atamfofin da kika aiko sun iso a kan lokaci, har an yi ta tambayata inda aka samo su. Na san za ki ce me ya kai Iklima rubuta wasiƙa alhali ga waya a hannu. Sau uku ina ɗaukar wayar in ba ki labarin nan, sau uku muryata tana ƙin fita. Shi ya sa na zauna na rubuta, Alhaji Muttaka da zai zo Umra zai miƙa miki.

Kin san halin da mahaifiyarmu Hajiya take ciki, ba sai na maimaita miki ba. Tun ranar da muka nuna mata fuskarki a waya ta tambaye ni ko wace ce wannan baiwar Allah, kika kashe kina kuka, abin gaba ya yi. Wata takwas ke nan ba ta kama sunan kowa ba. Tana ci, tana sha, in an ɗora ta a kan sallah tana bi, amma kallon baƙi take yi mana. Wadda abin ya fi ci ita ce 'yarki amarya, kin san ba na kama sunanta, 'yata ta fari ce. Tun tana wata goma sha takwas Hajiya ta ɗauke ta, a bayanta ta girma, a gadonta take kwana har ta shiga jami'a. Da biki ya matso sai yarinyar nan ta fara ramewa. Na zaci zullumin aure ne, ashe ba shi ba ne. Ta ce mini ita ba lefe ne a gabanta ba, ba kuma walima ba, abin da ke hana ta sukuni shi ne za ta bar gidan nan Hajiya ba ta san wadda ta fita ba, ba kuma za ta sa mata albarka da bakinta ba. Ni ma, Yaya, na riga na fid da rai.

To, a cikin shirye-shiryen sai maganar kiɗa ta taso. 'Yarki ta ce ba ta son hayaniyar lasifika irin ta bikin yanzu, wadda mutum zai koma gida kunnensa na ƙara. Tana son kiɗan tsirkiya mai sanyi irin na Turawa, abin nan da suke kira bayolin, a yi shi ranar kamu da ranar walima. Muhyiddeen ya samo wasu mutum huɗu daga Abuja. Da aka kai wa Yaya Ahmadu maganar, tunda a gidanmu na gado inda yake zaune da Hajiya za a yi kamu, sai ya nemi a nuna masa hotonsu. Ya ga mutane cikin baƙaƙen kwat, kowa da takarda a gabansa, ya gyaɗa kai ya ce wannan abin natsuwa ne, ya amince. Amma ya kafa sharaɗi cewa kada ya ji an shigo masa da goge, don gidan malamai ne, Baba bai taɓa yarda da shi ba. Na dubi hoton nan da kyau, na ga itace da tsirkiya da abin gogawa, na ce a raina ai wannan goge ne aka sa wa kwat. Ban furta ba, kin san Yayanmu in ya ɗaure fuska.

Saura kwana biyar suka zo gida bayan la'asar don mu zaɓi abin da za su kaɗa. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, suka ce sai dai kujeru. Biyu suna da ƙanana da ake maƙalewa a haɓa, ɗaya nasa ya ɗan fi girma, na huɗun kuwa wani ƙato ne da ake rungumewa tsakanin gwiwoyi, muryarsa kamar ta bijimi. Yaya, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Mutum huɗu, babu mai kallon ɗan'uwansa, amma ɗaya zai ɗauko zance ɗaya ya karɓe, na ƙasa yana riƙe da su duka. Suka yi mana kala biyar, kowanne da sunan wani Bature da ya rasu shekaru ɗari biyu ko fiye, sunayen da harshena ya ƙi ɗauka. 'Yarki ta zaɓi na biyu, ni na fi son na huɗu, ƙawayenta suka rabu gida biyu, aka yi ta musu. Hajiya tana kan tabarmarta a gindin darbejiya, carbi a hannu, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Shugabansu sunansa Sammani, magidanci ne mai kimanin shekara arba'in. Tun gaisuwarsa na ji Katsinanci a bakinsa, na tambaye shi, ya ce ɗan Ƙofar Sauri ne, karatun kiɗa ne ya kai shi Legas. Ni kuma da tsokanata sai na ce masa duk wannan na mutane ne, shin namu fa, ko karatu ya cinye? Ya yi murmushi ya ce kakansa makaɗin goge ne, a wurinsa ya fara koyo, kuma ya bar masa take da dama na mutanen da, irin wanda ake yi wa mutum shi kaɗai, da ya ji ya san da shi ake. Ya waiga ya tabbata Yaya Ahmadu ba ya kusa, sannan ya ɗora abinsa a haɓa. Ya yi na wani sarkin pawa, muka yi dariya. Ya yi na wani madugu. Da ya shiga na uku, wani mai jan rai da ke hawa a hankali ya sauko kamar mai kiran shanu da yamma, sai na ji ƙarar carbi ya faɗi a kan tabarma. Na juya na ga Hajiya ta miƙe zaune, ta gyara mayafinta, idonta tar a kan mai kiɗan. Da muryarta ta da, wadda take kiranmu da ita mu zo mu ci tuwo, ta tambaya ko Dabo ne ya zo.

Sammani ya tsaya cak. Ya ce Dabo sunan kakansa ne, kuma bai faɗa wa kowa ba a gidan nan. Ya ce sunan kiɗan taken 'yar Arɗo, kakansa ya gaya masa ya yi shi ne don wata amarya Bafulatana da aka kawo birni daga ruga, ya raka ta da shi tun daga bakin ganuwa har ƙofar gidan mijinta, daga nan aka ce ya tsaya a waje. Shi Sammani shekara talatin yana kaɗa shi bai san ko wace ce ba, bai ma zaci tana raye ba. Yaya, mahaifiyarmu ce. Mu da muka fito daga cikinta ba mu san tana da take ba. Kafin mu gama mamaki ta koma yadda take, 'yarki ta durƙusa a gabanta tana kiranta, ta dube ta kamar baƙuwa. Amma musun zaɓe ya ƙare a nan, amarya ta ce ita ta gama zaɓa, ranar kamu taken Hajiya za a yi.

Da labari ya kai wa Yaya Ahmadu sai ya ce an yaudare shi, an shigo masa da goge ta bayan gida. Na same shi a zaure na yi masa magana irin wadda ban taɓa yi ba. Na ce masa ni ba malama ba ce, ban zo yi masa fatawa ba, abin da na sani shi ne uwarmu ta buɗe baki, kuma yarinyar nan ta cancanci a gwada mata. Daga ƙarshe ya ce a yi, amma da kayan Turawan, kuma makaɗan su zauna a zaure kada su shiga cikin mata. Sammani ya gaya mini a gefe cewa gogen kakan nasa yana gidansu a Ƙofar Sauri, zai sa shi a mota ko da ba za a taɓa shi ba, don taken ba ya fita sosai a tsirkiyar ƙarfe, a kan izgar doki aka haife shi.

Ranar Alhamis bayan la'asar gida ya cika da mata. Aka fito da amarya a lulluɓe aka zaunar da ita kusa da Hajiya, ga ƙwaryar nono an ajiye, wanda dangin Hajiya suka kawo daga ruga da safe. Goggo Madina aka shirya za ta fesa mata, tunda wadda ta kamata ta yi ba ta san ana yi ba. Daga zaure suka fara, su huɗun duka, suka yi wa taken ado har ya fi na ranar farko daɗi. Na ƙura wa Hajiya ido, ita kuwa tana ta jan zaren tabarma. Suka kai ƙarshe suka sake, ko gezau. Ina ganin kafaɗun 'yarki suna rawa a ƙarƙashin mayafi, na ce shi ke nan, na sa wa yarinya rai a banza. Na nufi zaure in ce su bari haka nan. Ina isa na tarar da Yaya Ahmadu a tsaye yana leƙen Hajiya ta jikin labule. Bai dube ni ba, ya juya ya tambayi Sammani ko gaskiya ne gogen kakansa na ƙwarya yana cikin mota. Da ya amsa, sai ya ce ya je ya ɗauko.

Wani tsohon abu ne, ƙwaryar ta yi baƙi, fatar ta sha hannu. Sammani ya cire kwat ɗinsa, ya sauka daga kujera ya zauna a ƙasa, ya shafa wa izgar ƙaro, sauran ukun suka ajiye nasu. Muryar da ta fito ba ta da santsin waccan, a shaƙe take kamar ta tsoho, amma har cikin ƙashina na ji ta. Na koma ciki da sauri. Hajiya ta riga ta ɗago, tana bin gidan da kallo ɗaki ɗaki kamar wadda ta dawo daga tafiya. Ta ga ƙwaryar nono, ta ga mutum a lulluɓe, ta tambayi wa ake kamawa. Da hannunta ta ɗaga mayafin, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Haulatu, ke ce za ki tafi ki bar ni?" Ta karɓe ƙwaryar daga hannun Goggo Madina, ta kurɓa, ta fesa mata sau uku yadda ake yi. Ta dafa kanta ta yi mata addu'a mai tsawo, rabi da Hausa rabi da Fulatancin da muka ɗauka ta manta, ta ce ta yafe mata duniya da lahira. Babu wadda ta yi guɗa, kowa kuka yake. Yaya Ahmadu, da bai taɓa shiga taron mata ba, sai ga shi durƙushe a gabanta, ta kira shi Amadu ta ce ya yi furfura. Ni ma ta kira ni, ta ce ɗankwalina ya karkace. Na rasa abin yi sai tasbihi, ina mamakin inda Allah ya ajiye mata mu duk tsawon watannin nan, da abin da ya sa ya zama mabuɗi.

Ba ta wuce rabin sa'a a haka ba, kafin magariba ta koma shirunta. Likita ya ce ana samun irin haka, kada mu ɗauka warkewa ce, kuma ba lallai ya yi ta maimaituwa ba. Ranar walima an yi na Turawan, wanda amarya ta zaɓa tun farko, ya yi kyau ƙwarai. Amma ga abin da ya sa na rubuto miki. Bayan ta gama da mu ranar nan, Hajiya ta ƙirga mu da yatsa, ta sake dubawa, ta tambaya ina Ummu. Na ce kina Jidda. Ta ce a gaya miki ta ajiye miki furarki, kada ki bari ta yi tsami. Kin ce ba ki ga amfanin zuwa wurin wadda ba ta san ki ba, to ta san ki, Yaya, kuma ta lura ba kya nan. Sammani ya bar gogen a gidanmu, Yaya Ahmadu da kansa ya rataye shi a ɗakinsa, shi Sammanin kuma ya yi alkawarin duk ranar da kika sauka zai taso daga Abuja. Ban san sau nawa ya rage mana ba, shi ya sa na hana a sake kaɗa shi sai kin zo.

Ki gaishe mini da Malam da jiki, da Hawwa da Yahaya da ɗan autanki Almu. Yaya Ahmadu da iyalinsa da Goggo Madina suna gaishe ku, amarya ta ce in ce miki tana jiran ki zo ki ga ɗakinta. Allah ya sada mu da alheri tun Hajiya tana iya kiran sunanki.

Taki ƙanwa,
Iklima