Makarar Hamidu Mai Jakai

Daren Talata, watan Safar, unguwar Shisha.

Tun ranar da aka kawo motar hayar nan nake faɗa, ba mai saurarona: mota ba ta san mutane ba. To yau ga shi na gani.

Da can jakin Hamidu nake hawa zuwa Harami. Ko na yi jinkiri yana nan bakin rijiya yana jirana, yana min tsiya wai jakinsa ya fi ni sauri. In muka haɗu da gawa a hanyar maƙabartar Ma'ala, kowa sauka yake ya sa kafaɗa a makara, ko bai san mamacin ba. Haka muka tarar da garin nan.

Yau bayan la'asar ina cikin mota na hango makara, 'ya'yan Hamidu a gaba. Ban ma ji ya rasu ba. Na bubbuga jikin mota na ce, "Ya waladi, ɗana, tsaya, abokina ne."

Direban, da bai girmi jikana ba, ya ce, "Ya ammi," wato baffa, "nan ba tasha ba ce. Allah ya jiƙansa." Ya ƙara wuta. Kafin in sauka in dawo da wannan gwiwar tawa, har sun rufe shi.

Mutumin da ya ɗauke ni shekara da shekaru, ban ɗauke shi ko taku ɗaya ba. Gobe a tasha zan wuni, ba zan hau ba kuma ba zan tashi ba, sai mai motar ya zo da kansa ya gaya min wa ya ce a daina tsayawa don gawa.