Babur ɗinka yana wurin Isah

Yaya Mark,

Babur ɗinka ba zai fita aiki gobe ba. Yana Ogui wurin Isah makanike, kuma ni na jawo.

Ɗazu da kana Onitsha na hau shi zuwa Kasuwar Artisan ɗauko wa Anti Theresa doya. Gosulo ya riƙe ni, injin ya ɗau zafi. Na sayi ruwan leda mai sanyi na sheƙa masa, yadda muke yi wa okada a da. Na manta wannan mai lagireto ne.

Isah ya ce fis ɗin fanka ne kawai ya ƙone. Ya canza, fanka tana juyawa. Amma baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, alamar ruwa ya shiga cikinsa. Ya ce min, "Seth, inji yana tafasa ka yi masa wanka?"

Ka yi haƙuri. Na san mai kemis ɗin da kake yi wa aiki ya gargaɗe ka kan fashin kai kaya. Ka kira mai kemis ɗin da ka iso, ni na wuce aiki.

Ko gasket ne, wato abin da ke hana ruwa haɗuwa da mai, ko kan injin ya tsage, Isah bai sani ba sai ya kwance.

Seth