Mangwaron Tallafi Ya Raba Ni da Fadamar da Mahaifina Ya Noma

Zuwa ga Shugaban ofishin da ke raba tallafin gyaran ƙasa da dashen itatuwa a yankin Wurno, Rabah da Goronyo.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali, na rubuto a fili ne don na yi ta zarya ofishinka har masu gadi sun gaji da amsa sallamata, ban samu ganinka ba.

Ni manomin albasa ne a bakin gulbi, ƙasa da madatsar ruwa ta Goronyo. Fadamar da nake nomawa ba tawa ba ce, aro ce daga gidan Malam Babba, tsohon gidan malamai na garinmu. Mahaifina ya noma ta har ya koma ga Allah, na ɗora daga inda ya tsaya, ko kallon banza bai taɓa shiga tsakaninmu da masu ita ba. Da ita nake ciyar da gidana.

Na farko. Duk sa'ad da aka sako ruwan dam, sai gulbi ya yagi gaɓa ya tafi da ita. Shi ya sa muka yi murna da jin tallafinku. Ma'aikatanka suka tara mu suka ce sharaɗi ɗaya ne, kowa ya dasa mangwaro da gwaiba a bakin gonarsa. Dattawa suka gaya musu cewa a nan mai aron gona ba ya dasa itace, domin dashe shaidar mallaka ce, kuma yawancin masu noman gaɓar aro suke yi. Muka roƙi a ba mu jema, ciyawar nan da saiwarta ke riƙe ƙasa, wadda ba mai zargin ka a kanta. Aka ce masu ba da tallafin itace suke son gani a hoto.

Na biyu. Ɗaya daga cikin ma'aikatanka ya dafa kafaɗata ya yi alkawarin zai je gidan Malam da ƙafarsa ya yi bayani. A kan maganarsa na dasa. Aka ɗauki hotona ina ban ruwa ina washe baki, mota ta juya. Har yau bai je ba.

Na uku. Malam ya rasu da damina. Da magada suka zaga duba gonaki, suka tarar da mangwaro a jere a fadamar mahaifinsu. Ba su yi faɗa ba, da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya tun muna yara, aike kawai ya yi cewa in kwashe abin da na shuka, kada in sake shiga. Na je da dattawa ban haƙuri, na rantse sa ni aka yi na dasa, ya saurare ni da ladabi, ya ce idan gaskiya ne wanda ya sa ni ya zo ya faɗa. Ban ga laifinsa ba. An tumɓuke dashen, gulbi kuma yana nan yana cin gaɓar kamar da. Abin ya ci mini rai ƙwarai.

Ba kuɗi nake nema ba. Roƙona, ka turo wancan ma'aikaci ya tsaya gaban magadan ya ce shi ya sa ni. Sannan kafin ku kai itatuwanku garin Gandi ko Shinaka, ku tambayi mai gona da mai aro. Gaskiya ban sa ran ko ɗaya ba, don na ji an ce aikin yankinmu ya kammala cikin nasara, kuma hotona ne a bangon ofishinka.

Irin albasata yana nan a bayan gidana, ya isa dashe har ya fara wucewa. Da safen nan ma na ba shi ruwa, ƙaramar 'yata tana tambayata ina za mu kai shi.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya yi maka jagora, ya kiyashe ka da ranar da ɗanka zai yi maka irin wannan tambaya.

Wassalam.

Naka,
Garba, manomin albasa da ba shi da gona.