Makaɗin Gonar Awali

Harra ta Yamma, Madina

Zuwa ga Kaka Maigandi, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da mutanen gida. Ni ce Zulfa, jikar yayanka marigayi Isah. Ka yi haƙuri da Hausata, da Larabci na yi jami'a. Bana na gama, a fannin adana kayan tarihi.

A akwatin Kaka Isah na sami ƙaramin faifan garmaho. Babu suna a jikinsa, sai hoton dabino da shekarar 1394 ta Hijira. Jitar lantarki ce mai tsananin ƙara, da ganga, wani kuma yana waƙa da Hausa yana sa Larabci. Da na bincika, ashe wani kamfani a Turai ya sami irinsa, zai sake fitar da shi da rubutun "mawaƙan Sudan, ba a san su ba". Na rubuta musu cewa na kakana ne. Suka ce in kawo hujja da sunan kowa kafin su buga kwalin.

Kaka Tasallah, matar Kaka Isah, ta ce muryar taka ce, jitar tasa ce, amma da na tambaye ta makaɗin gangar sai ta yi dariya ta tashi. Na saurara da kyau: bai yi sauri ba, bai yi nawa ba, sau ɗaya kawai ya tsaya a tsakiya. Wane ne shi? Ba zan aika abin da ban tabbatar ba, ina kuma tsoron su gaji da jirana.

Jikarka mai biyayya,
Zulfa

Damagaram

Amaryata Zulfa,

Wa alaikis salam. Muna lafiya lau, sai gwiwa. To, ba ki tuna da angonki ba sai da Turawa suka tsokane ki?

'Yan Sudan! Wallahi na yi dariya har na ƙware. Makaɗin nan da kike yabo ba ya salla, ba ya cin tuwo, mai kawai yake sha. Injin ban-ruwa ne, yarinya.

Ni da Isah leburori ne a gonar dabino a Awali, nan Madina wajenku. A lokacin, wa ya isa ya kaɗa jita maƙwabta suna ji? Sai mu bari a tada inji, mu shige ɗakin injin da rakoda. Ƙararsa ta rufa mana asiri, mu kuma muka bi bugunsa. Tsayawar da kika ji, shaƙewa ya yi. Isah bai saki jita ba har injin ya dawo. Wani direba abokinmu ya kai kaset ɗin Alƙahira aka mai da shi faifai.

Ki nemi gonar iyalan Musaddiƙ, mai koriyar ƙofa. Ki gaishe min da Tasallah, ta san fiye da abin da take faɗa.

Naki,
Maigandi

Harra ta Yamma, Madina

Kaka Maigandi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

Mun je. Ƙofar yanzu fara ce, na kusa juyawa, sai Kaka Tasallah ta ce, "Ke dai buga, nan ne." Injin yana nan har yanzu. Hajiya Fatna, 'yar mai gonar, ta sa ma'aikata suka share shi suka tada shi, ya yi tari, ya kama. Na ɗauki sautinsa na ɗora a kan faifan. Ya hau daidai, ban taɓa komai ba. Na sake gwadawa don kada son rai ya ruɗe ni. Daidai.

Kaka Tasallah ta tsaya a bakin ɗakin injin tana buga ƙafa. Ta ce, "Ranar nan ni na kama masa bututun mai da ya shaƙe. Da ban yi ba, da waƙar ta mutu a rabi."

Kamfanin ya yarda. Za a rubuta: Madina, Awali. Isah, jita. Maigandi, murya. Ganga, injin ban-ruwa. Na yi daidai?

Ka huta lafiya,
Zulfa

Damagaram

Amaryata,

Salam. Kin yi daidai, saura ɗaya. Ki hana su bugawa sai sun ƙara: Tasallah, mai inji.

Ki sa ta sama da ni.

Allah ya yi miki albarka,
Maigandi