Jar Ƙofa a Ɗakin Matsar Man Gyaɗa na Gwandu

Zuwa ga: Mai Girma Babban Jami'in Kashe Gobara, Jihar Kebbi, Birnin Kebbi.
Daga: Abdulgani Hamidu, malamin gona mai ritaya, Gwandu.
Kwanan wata: Litinin, 6 ga Disamba, 1993.

Game da: Launin ƙofar gudun gobara a ɗakin matsar mai na ƙungiyar mata, da rasuwar Rahmatu Hamidu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da ladabi, ina gabatar da kokena kamar haka:

1. Shekara goma sha tara na yi ina zagaya Dalijan da Malisa ina koya wa manoma cewa duk gwangwani ko ƙofar da suka ga da ja, maganin ƙwari ne, guba ne, su nisance shi. Matan ƙungiyar nan suna cikin waɗanda na koyar, kuma sun riƙe karatuna da kyau.

2. A zanen ginin, ƙofar gudun gobara koriya ce, da hoton mutum yana gudu. Ɗan kwangilar, Alhaji Sambo na Kalgo, ya shafe ta da jan fentin da ya rage masa bayan ya gama ƙofar ɗakin ajiyar maganin ƙwari. Ƙofofin biyu suna gefe da gefe. Ya rubuta kalma ɗaya a saman ƙofar gudun da Turanci, alhali cikin mata arba'in babu mai karanta boko. Ranar 3 ga Agusta na same shi na nuna masa. Ya yi dariya, ya ce fenti duk fenti ne.

3. Ranar Laraba, 10 ga Nuwamba, da hantsi, mai ya kama wuta a kaskon tuyar ƙuli-ƙuli da ke bakin babbar ƙofa. Matan suka ruga baya, suka tarar da jajayen ƙofofi biyu, suka juyo suka ratsa ta cikin wutar. Shida sun ƙone. Ƙanwata Rahmatu, wadda ta tsaya fitar da wata tsohuwa, ta cika ranar Juma'a, 19 ga wata. Ƙofar da za ta fitar da ita ko kulle ba ta da shi, taku uku ne tsakaninsu.

4. Alhajin yana faɗa a gari wai jahilcin matan ne. Ranka ya daɗe, ba jahilci ba ne. Abin da na koya musu suka bi, kuma wannan yana ci mini rai fiye da yadda zan iya rubutawa a takardar ofis.

5. An gyara rufi, za a sake buɗe ɗakin ranar Litinin, 13 ga Disamba. Jiya na leƙa. An sake wa ƙofar fenti, sabo fil, ja wur.

Saboda haka ina roƙon Mai Girma ya turo jami'i ya duba kafin ranar, a mayar da ƙofar koriya da hotonta, a rubuta da Hausa da ajami, a kuma binciki aikin ɗan kwangilar. Matata Kubura tana cikin masu komawa, domin da sana'ar muke ci. Idan kuwa ba za a taɓa ƙofar ba, ina roƙo a rubuto mini abin da zan gaya mata ranar Litinin da safe: in ta ga ja, ta guje shi ko ta nufe shi.

Allah Ya ƙara wa Mai Girma lafiya da adalci.

Naka mai biyayya,
Abdulgani Hamidu