Sun Gyara wa Agwagwa Ƙafa

Zuwa ga kanarin ɗakina, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan randa bayan doguwar tafiya, uwar 'ya'yana, kakar jikokina. Gaisuwa mai yawa da fatan kin tashi da sauƙi. Allah ya ƙara afuwa.

Albishirinki! Na san Babba, babbar 'yarmu, ta riga ta faɗa miki, amma labari a bakin 'ya daban, a bakin miji daban. Auta ta sauka lafiya, an samu mace, yau kwana tara. Na ɗauke ta da hannuwan nan nawa da katako ya cinye, ina lallaɓa ta kamar ban taɓa riƙe jariri ba. Haɓarki ce sak, har da ɗan ramin nan na tsakiya. Ga murya! In ta tsala kuka har maƙwabta leƙowa suke yi. Tun ranar bakina ya ƙi rufuwa. Jiya a shago na auna ƙofa sau uku, na yanke ta ba daidai ba, na tsaya ina dariya ni kaɗai. Amma murnar da babu ke a cikinta miya ce ba gishiri. Wa zan juya in taɓa in ce, dubi ɗan yatsanta?

Wata huɗu ke nan tun da ciwon nan ya taɓa miki ɓarin jiki, ya karkata harshenki, kika koma gidan Babba jinya. Wata huɗu ina zuwa in zauna a kan benci a bakin ƙofarki, ina kallon labule. Babba ta ce hannun ya fara motsi, har kina takawa da sanda zuwa tsakar gida, amma magana kin kulle ta kin jefar da makulli. Likita ya ce harshe sai ana motsa shi yake dawowa, in aka bar shi ya daɗe a kwance ba lallai ya tashi ba. Ke kuwa kin aiko mini da 'yar takarda, wai ba zan ji ki a haka ba sai kin warke. To, tun da takarda kika zaɓa, ga tawa, da rubutun nan nawa mai kama da tonon kaza.

Shekaranjiya mijin Auta ya kai ni sinima, wai tukwicin samun sabuwar jika. Ya ce an mayar da katun ɗinmu, zanen nan mai motsi na talabijin, fim, da mutane na gaske. Katun ɗinmu fa, hasken idona! Tsoho mai kwalekwale da yake haye kogi da buhun wasiƙu, da agwagwarsa mai ɗingishi. Kin tuna yammacin Asabar? Yara uku a kan tabarma, talabijin a cikin akwatin da na haɗa masa da hannuna, hoto tar amma ba sauti. Ke kina daga baya a kan kujera, faranti a cinya kina tsince shinkafa, kina yi musu muryoyin. Tsoho da murya mai kauri, agwagwa da 'yar siririya mai tsiwa. Ba mu taɓa sanin me suke faɗa a ƙasarsu ba, kuma ba mu taɓa tambaya ba.

Yara sun ɗauka agwagwa da tsoho take faɗa. Ni na san da wa take. "Kai tsoho, wa ya shigo mini da garin katako har kan shimfiɗa?" Su kwashe da dariya, ni in sunkuyar da kai in karkaɗe wandona. Abin da kunya ta hana ki faɗa mini a gaban 'ya'ya, agwagwa ce take faɗa. Ita ta sanar da ni zuwan Auta, ranar da ta ce wa tsoho ya ƙara wa kwalekwale katako, nauyi na tafe. Ita ce kuma ta ce masa, "Shekara nawa kana dakon wasiƙun mutane ba ka san me ke ciki ba? Ko kunyar kifaye ba ka ji?" Wannan ta yi zafi, zumar raina. Kwana uku ban yi miki magana ba. A na huɗu na je na ba da sunana a ajin yamma, ina da shekara arba'in da huɗu, na zauna a kan bencin da ni na ƙera wa yaran makarantar, gwiwoyina suna tokare da tebur.

Da wannan zuciyar na shiga sinima, har sabuwar hula na sa. Wayyo! Tsohon ya zama saurayi mai faɗin ƙirji, haƙora farare kamar auduga. Kwalekwale ya samu inji. Buhun wasiƙu sau ɗaya aka nuna shi, daga nan sai gudu da duka da wuta na tashi a kan ruwa. Ƙara kamar rufin zai faɗo mana. Duk wannan na daure, na ce zamani ne, kowa da nasa. Sai ga agwagwa ta fito. Sun gyara mata ƙafa! Tafiya take sumul, gashi yana sheƙi, murya santala kamar ta mai karanta labarai, kowace kalma a wurinta. Na duba na sake dubawa, ban san ta ba. Ashe ɗingishin nan shi ne ita. Shi ya sa tsoho yake rage sauri a bakin gaɓa, shi ya sa yake miƙa mata filafili ta taka ta hau. Da suka miƙe ƙafar, babu mai jiran wani, kowa gabansa yake yi. Mijin Auta ya ga ina share ido, ya ɗauka daɗin fim ne, har yana gyaɗa kai. Ban gyara masa ba, yaron kirki ne.

Tauraruwar asubahina, me ya sa kike so ki yi mini abin da masu fim suka yi? Wa ya ce miki gyararriyar murya nake jira? Kogi in ya haɗu da dutse karkacewa yake yi, an taɓa fasa shan ruwansa? Itacen da iska ta tanƙwara, inuwarsa ta daina sanyi? Ni kafinta ne, na san katako mai gaɓa ya fi wahalar aiki, na kuma san shi ne ba ya tsagewa. Shekara arba'in da ɗaya kina jin minsharina, da tarina, da karatun da nake yi miki ina tuntuɓe a kowane baƙi kamar makaho a kasuwa, ba ki taɓa cewa in je in gyaru tukuna ba. Don me ni za a hana ni nawa rabon? Gidan ya yi shiru, kanarina. Agogon bango kaɗai ke magana, shi ma abu ɗaya yake ta maimaitawa. Ina tsoron ranar da za ki ce kin shirya, harshen ya ce ya makara. Ina tsoron yarinyar nan ta girma tana jin labarin muryar kakarta a bakin wasu.

Yanzu ga wani laifi da na daɗe ina ɓoyewa. Talabijin ɗin nan ba wata babbar lalacewa ya yi ba. Tun makon farko na kai shi wurin mai gyara, ya buɗe bayansa ya nuna mini waya ɗaya tak da ta cire, ya ce kafin in gyara zama ya haɗa ta. Na riƙe hannunsa na ce ya mayar da murfin. Na dawo gida na ce miki kayan gyaran ba sa samuwa. Duk lokacin da kika tambaya, haka nake faɗa, shekara shida cur, har da rantsuwa, Allah ya yafe mini. Na hana 'ya'yana kiɗan katun, na hana ki jin labarai, na bar ki da bushewar maƙogwaro kowace Asabar, don kawai kada wata murya ta shigo ɗakin nan ta ture taki.

Kin ji girman abin da na aikata. Ranar Asabar ina tafe, tare da Auta da jaririya, zan zauna inda na saba. Kada ki ba Babba takarda ta miƙo mini. Saboda ke na koyi karatu, amma wannan amsar ba zan karanta ta ba, ko an buɗe mini ita a gaban ido. Ƙaryar shekara shida ba a hukunta ta da biro. Ki ɗaga labule ki wanke ni tas da bakinki. In kalma ɗaya za ta ɗauke ki tun daga hantsi har la'asar, na rufe shago, ba inda za ni.

Naki tun ina da baƙin gashi, naki yau da babu ko ɗaya, naki har ranar da ni ma za a auna ni a yanka mini likkafani,

Tsohon kafintanki.